Ranar da Baba Ya Kai Mu Kufai

Mahaifina marini ne. Tun da na buɗe ido na ga hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu, kuma ko bayan ya bar sana'ar, faratansa ba su taɓa komawa fari ba. A karofin unguwarmu a Kura, inda ramukan rini suke, ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya yi furfura. Da rini ya mutu murus, aka zo da aikin noman rani aka yanka masa gona a bakin kanal, sai ya koma shuka alkama da tumatir ba don yana so ba. Ya yi 'yan shekaru yana fama, daga baya ya sakar wa ƙanena gonar ya dawo zaure ya zauna.

A tsakiyar shekarun tamanin ina koyar da tarihi a wata sakandare kusa da gida. Mu malaman tarihi na yankin muna da 'yar ƙungiya, mukan haɗu lokaci-lokaci, kuma a wani zama aka ce ya kamata mu fita mu ga tsofaffin wurare da idonmu, tunda kullum a allo muke zana wa yara su. Aka ce a fara da wajenmu. Shugaban ƙungiyar, wani dogon mutum mai sanyin magana da ke koyarwa a Dawakin Kudu, ya tambaye ni ko akwai dattijon da zai yi mana jagora. Ban ko yi tunani ba na ce mahaifina. Babu marina, babu tsohon masallaci, babu kufai tsakanin Kura da Bunkure da bai taka da ƙafarsa ba, don yana saurayi shi ake aikawa ƙauyuka sayo ganyen baba da karɓo sawaye, wato ƙyallayen saƙi, daga hannun masaƙa.

Da na gaya masa, sai ya gyara zama ya ce, "Malaman makaranta ne za su zo su ji magana a bakina?"

Na ce, "E, Baba. Daga birni ma akwai."

Ya ce, "To, Allah Ya kai mu. Zan kai ku karofi, in kai ku tsohon masallaci, sannan mu ƙare a garinmu."

Garinsu da yake nufi kufai ne. A can aka haife shi, gabas da hanyar Bunkure. Yana yaro agana ta shiga garin ta kwashe mutane, har da mahaifiyarsa, rijiyoyi kuma suka riƙa kafewa, sai waɗanda suka rage suka watse, su suka dawo Kura. Da can duk shekara yakan je ya yi wa mamatansa addu'a. Tun da katafiloli suka shiga wajen suka baje ƙasa don a ja ruwa, bai sake zuwa ba.

Inna ta fi kowa murna. Ta ce ko ba komai zai motsa jiki, don zaman zauren nan ya fara sa shi shiru. A 'yan watannin yakan ajiye buta ya manta inda ya sa, ko ya tambayi abu a ba shi amsa, can anjima ya sake tambaya. Duk gidan mun ɗauka tsufa ne kawai. Ta fito masa da babbar rigarsa ta Sallah, shi kuma da kansa ya buɗe adaka ya ɗauko rawani ɗan Kura, baƙi wuluk mai sheƙi, wanda shi ya rina abinsa aka buga masa a mabugar unguwa.

Ranar Asabar ce, cikin bazara, an gama yankan alkama. Tun da hantsi zafi ya sauka. Motar wata makaranta aka aro, doguwa, ta tsaya a ƙofar gidanmu cike da malamai. Baba ya fito yana takawa a hankali, rawanin nan yana ɗaukar ido, duk suka sauko suka durƙusa suka gaishe shi. Shugaba ya ba shi kujerar gaba, shi ya dawo bayansa ya zauna da rikoda a cinya.

A karofi Baba ya yi abin da na san zai yi. Wurin ya zama juji. Yawancin ramukan an cike su da shara, awaki na kiwo a kai, wasu kuma ruwan kwata ya taru a ciki ya yi kore. Can gefe tsofaffi biyu ne kacal ke tsoma zane. Amma Baba ya tsaya a bakin wani rami ya ce na kakansa ne, ya faɗi zurfinsa, ya faɗi yadda ake dafe cikinsa don kada ya sha ruwa, yadda ake zuba toka da shuni a bar su su kwana su tashi, yadda ake gane ruwa ya nuna daga kumfarsa da warinsa. Ya nuna inda Buzaye suke durƙusar da raƙumansu su yi kwanaki suna jiran turkuɗi. Ya kwaikwayi yadda suke ciniki da gurguwar Hausa, malamai suka yi ta dariya. Ni ina tsaye a baya, kaina ya yi girma. Wani ya matso ya ce min, "Wallahi mahaifinka littafi ne."

Daga nan muka kama hanyar masallacin. Yana wani ƙauye kafin a kai Bunkure, ginin ƙasa ne na tun zamanin kakanni. Mutanen garin sun gina sabo na siminti da kwano a jikinsa, sun bar tsohon a rufe. Ladan ya zo da mabuɗi ya buɗe mana. Da ƙofar ta buɗe wari ya buge mu, na jemagu da na takin zamani, don a ciki manoman garin suke jibge buhunansu. Rufin ya rufta ta kusurwa ɗaya, rana ta shigo ta nan ta sauka a kan azara da ta karye. Ginshiƙan suna nan, kauri kamar mutum biyu su rungume, da sauran zanen da magina suka yi musu.

Baba ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ƙazantar wurin. Ya dubi ladan ya ce, "Liman yana ciki ne? A gaya masa na zo."

Ladan ya ce, "Wane liman, Baba? In tsohon kuke nufi, ai ya daɗe da rasuwa. Ku ma kun zo jana'iza, na gan ku."

Baba ya ce, "Haka ne, haka ne. Allah Ya jiƙansa."

Ya shiga ya dafa ginshiƙi ya fara bayani. Ya faɗi yadda aka kwaɓa ƙasar da makuba, yadda aka ɗaura bakan gizon rufin ba ƙusa ko ɗaya, yadda duk shekara bayan kaka garin ke fitowa a yi yaɓe. Yana cikin magana sai ya tsaya, ya waiwaya wajen ladan.

"Wai liman bai fito ba har yanzu?"

Ladan ya dube ni. Na dubi ƙasa. Wani daga cikin malaman ya yi tari.

Ladan ya ce a hankali, "Ya rasu, Baba."

"Ya rasu? Yaushe? Ba wanda ya gaya min."

Ya shafa ginshiƙin, sannan ya ci gaba da magana, amma abin da ya fito ba na masallaci ba ne. Ya nuna gurbin da liman ke tsayawa ya ce a nan ake zuba toka, a bar ta ta kwana. Ya ce Buzaye a ƙofar nan suke durƙusar da raƙuma. Ya sake kwaikwayon cinikinsu, kalma bayan kalma kamar yadda ya yi da safe, ya tsaya yana jiran dariya. Ba wanda ya yi. Na ji ƙarar maɓalli a bayana, shugaba ne ya kashe rikodarsa.

Da muka fito na ja Baba gefe, ƙarƙashin wata darbejiya. Na ce, "Baba, rana ta yi zafi, kun gaji. Mu koma gida, kufai a bari sai wani jiƙon."

Ya fizge hannunsa. Ban taɓa ganin ya yi min haka a gaban mutane ba. Ya ce, "Na ce wa baƙi zan kai su garinmu. Kai ne za ka mai da ni ƙaramin mutum? Ganuwa tana nan, rijiyar sarki tana nan, kukar tana nan. In kai ka gaji, zauna."

Shugaba ya matso ya ce min a kunne, "Ƙyale shi, mu je. In muka ƙi, abin zai fi yi masa ciwo."

Muka koma mota. Direba ya sauka daga kwalta ya hau hanyar da ke bin gefen babban kanal. Wanda bai san wajen ba ba zai gane abin da nake nufi ba: ƙasa ce shimfiɗe kamar tabarma, an yanka ta gida-gida daidai wa daida, kowane yanki da ƙaramar hanyar ruwa da kwalbati iri ɗaya da na baya. Babu tudu, babu kwari, babu itacen kirki da za ka ce daga nan zan karya. Ko'ina karan alkama ne da aka yanke, da jan tumatir da aka tsaga aka shanya a ƙasa saboda kasuwa ta faɗi, ƙudaje sun rufe shi.

Baba ya ce wa direba, "In ka ga kuka mai rassa biyu kamar an ɗaga hannu, ka yi dama."

Muka yi ta tafiya, babu kuka. Ya ce a koma baya, mun wuce ta. Direba ya yi ta fama ya juya doguwar motar a kan siririyar hanya, muka koma. Ya ce a shiga nan. Muka shiga, hanyar ta ƙare a bakin wata kwalbati. Aka sake fitowa da baya. Cikin motar ya zama kamar tanda, ruwan da muka zo da shi a jarka ya yi ɗumi, hira ta mutu. Muka tsaya muka tambayi wasu masu ban ruwa, suka ce su 'yan ci-rani ne, bana suka zo. Muka tambayi wani mai keke, ya ce ya taɓa jin sunan garin a bakin kakarsa, amma bai san inda yake ba.

Can Baba ya daki gaban motar ya ce, "Tsaya! Ga shi nan."

Ban ga komai ba sai gonar albasa, kore shar, ana ba ta ruwa. Kafin in zagayo ya buɗe ƙofa ya sauka. Mutumin da da safe sai da aka riƙe shi ya hau mota, ga shi yana sauri har rigarsa na tashi. Ya tsallaka 'yar hanyar ruwa ya faɗa cikin gonar, yana taka kunyoyi, yana nuni da hannu.

"Nan ƙofar gari take. Ku biyo ni. Nan gidan sarkin ƙira. Ku yi a hankali, rijiya tana gabanku."

Wasu malaman suka biyo shi kan gefen kunya, wasu suka tsaya a bakin hanya. Duk inda ya taka, bakin fangalin ya fashe, ruwa ya kwararo ya kwantar da albasa. Sai ga mai gonar ya taso daga can ƙarshe da fartanya a hannu, wani kakkauran mutum, wando a naɗe, yana ihu.

"Kai! Kai tsoho! Ba ka gani ne? Wane irin wulaƙanci ne wannan? Ku kuma da manyan riguna kun tsaya kuna kallo yana kashe min gona!"

Na sha gabansa ina ba shi haƙuri. Baba ya juyo ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Yaro, matsa daga nan. A kan uwata kake tsaye."

Mutumin ya sauke fartanyar. Ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni. Na gaya masa a gurguje abin da ya kawo mu. Ya ja da baya taku biyu, muryarsa ta sauka.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ni haya na karɓa, daga Madobi nake zuwa. Na dai ji an ce lokacin da katafila ta yi aiki an tono ƙasusuwa a wani wuri, aka tara aka sake binnewa. Amma wasu sun ce can gaba ne, wajen ɗaya kanal ɗin. Ni tun da nake noma nan ko tsingaro ban taɓa tonowa ba."

Har yau ban san ko wurin ne ko ba wurin ba ne. Baba dai ya tsaya a tsakiyar fangali, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya sauke. Ya juya gabas, ya juya yamma. Ya ce, "Ina kukar?" Ya sake cewa, "To ina kukar take?" Sai ya zauna daɓas a cikin ruwa da laka, da rigarsa ta Sallah.

Na shiga na kama shi ta hammata. Gumi ya jiƙa rawanin, shuni ya zubo masa a goshi da kumatu. Ya ɗago ya dube ni, kallon da ake yi wa baƙon da ya yi maka alheri a hanya.

Ya ce, "Sannu, samari. Allah Ya yi maka albarka. Kai ɗan gidan wane ne?"

Na ce, "Baba, ni ne."

Ya ce, "To, madalla. Don Allah in za ka shiga Kura, ka kira min ɗana. Malamin makaranta ne, kowa ya san shi. Ka ce ya zo ya mai da ni gida, na ɓata."

Shugaba ne ya tuɓe takalmi ya shigo cikin lakar ya kama ɗaya hannun. Baba ya dube shi, fuskarsa ta washe, ya ce, "Yawwa, ka zo? Ina ka shiga tun ɗazu?" Shugaba ya dube ni ta saman rawanin, sannan ya ce, "Ga ni, Baba. Mu je gida."

Mai gonar ya kawo ruwa a bokiti muka wanke masa ƙafafu da gefen riga. Na ce zan dawo mu yi maganar ɓarnar da aka yi, ya ce in bar zancen, shi ma yana da tsoho a gida. La'asar ta yi, muka yi alwala a bakin kanal muka yi sahu a kan hanya. Baba ya yi sallarsa daidai, bai kuskure ko raka'a ba, har ya ɗan jima yana lazimi. Na sa rai in ya shafa zai juyo ya kira ni. Da ya shafa, hannun shugaba ya nema.

A hanyar dawowa su biyu suka zauna a gaba, Baba riƙe da hannunsa, yana ba shi labarin ranar da aka sa shi a makarantar boko, yadda ya yi ta kuka ya riƙe ƙafar keke. Labarina ne. Shugaba yana ta cewa, "Haka aka yi, Baba." Ni ina kujerar baya a tsakanin mutanen da da safe suke taya ni alfahari, kowa ya mai da fuskarsa taga. An shirya za a tsaya a ci abinci a Bunkure, ba wanda ya tuna da zancen.

A ƙofar gida ya gane zaurensa. Ya gane Inna, har ya ce mata baƙi sun ji daɗi. Ta dubi rigar, ta dubi fuskarsa, ta dube ni, ba ta tambayi komai ba sai da ta kai shi ɗaki ta fito. Na gaya mata a tsakar gida, a tsaye. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Ashe ba tsufa ba ne kawai." Ta ɗauki rigar ta jiƙa a baho.

Washegari da safe ya kira ni da sunan da yake kirana, ya tambaye ni yaushe malaman za su zo a tafi. Na ce an ɗaga. Haka abin ya ci gaba, yau ya san ni, gobe ya gaishe ni kamar baƙo, har ranakun sanin suka yi ta raguwa. Mun kai shi asibiti a birni, likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba shi da magani, sai dai a kula da shi. An yi rubutu, an yi addu'a. Sau da yawa da hantsi yakan sa riga ya fita bakin titi ya tsaya, wai baƙi suna jiransa zai kai su garinsu. Rannan aka tsinto shi a kan hanyar kanal, nesa da gari, ba takalmi. Daga ranar muka sa sakata a ƙofar zaure ta waje, ni da ƙanena muka riƙa karɓa-karɓa wajen zama da shi.

Na koma wajen nan ni kaɗai a kan babur, ba sau ɗaya ba. Na nemi tsofaffin da iyayensu suka fito daga garin. Wani ya kai ni wata gonar shinkafa ya rantse nan ne. Wata tsohuwa ta ce a'a, babban kanal ta kan garin ya bi, yanzu ruwa ne a kai. Wani kuma ya ce gonar albasar ce, Baba bai yi kuskure ba. Na gaji na daina tambaya.

Ƙungiyarmu ta sake fita wasu wuraren bayan haka, Rano da wajen birni, ban bi su ba. Shugaba kuwa bai daina zuwa gidanmu ba. Duk 'yan makonni zai hau motar haya daga Dawakin Kudu ya zo da goro ya zauna a zaure, Baba ya yi ta yi masa faɗan ya daɗe bai leƙo gida ba, ni ina gefe ina zuba musu ruwa.

Baba ya rasu a damina ta uku bayan tafiyar. A makonninsa na ƙarshe ba ya gane kowa sai Inna, ita ma wani lokaci da sunan mahaifiyarsa yake kiranta. Abu ɗaya ya riƙe bai sake ba, kullum sai ya faɗa wa duk wanda ya shigo: in ya mutu a kai shi garinsu a sa shi kusa da uwarsa. Kowa yakan ce to. Ranar da ya cika an kwana ana ruwa, muka kai shi maƙabartar bayan gari, nan Kura, inda ƙasa ta fi tauri. Da muka dawo Inna ta tambaye ni ta wane gefe aka sa shi, na ce kusa da katanga ta gabas. Ta ce to, ta koma ɗaki wajen mata masu gaisuwa.